Mai Ƙwanƙwasa Daga Ƙarƙashin Daɓe

A dare na huɗu bayan an yi daɓen na fara jin ƙarar. Ƙwas. Sai shiru mai tsawo. Sai kuma ƙwas. Ba daga ƙofa take zuwa ba, ba daga rufin kwano ba. Daga gareji take fitowa, kuma daga ƙasa. Na taɓa matata Dorothy, ta ce, "Baban Wilson, gwiwoyinka ne," ta juya ta ci gaba da barcinta.

Bari in faɗi yadda aka yi na mallaki gareji. A shekarar 1974 na sayi gidan nan na unguwar Maisandari, a Maiduguri, a hannun wani ma'aikacin jirgin ƙasa da aka canza wa wurin aiki. Ya tafi da motarsa, ya bar mini ɗakinta. Ni kuwa masinja ne a ofis, keke ma arowa nake yi. Shekara goma sha biyu garejin yana nan, ƙasansa rairayi, babu wuta, cike da abubuwan da nake tsintowa. Akwai ƙwan jimina da ba komai a cikinsa, da haƙorin kada da wani masunci ya ba ni a Baga, da makullai sittin da uku waɗanda ban san ƙofofinsu ba, da wata rediyo mai kama tasha ɗaya tak, ita ma ban san yarenta ba.

Da na yi ritaya sai na samu lokacin tunani. Karatuna a aji huɗu ya tsaya a Garkida, amma tunani ba ya tambayar satifiket. Na lura baƙo ba ya sauka inda ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Ashe shi ya sa mota ba ta zo ba! Wace motar kirki ce za ta yarda ta kwana a kan rairayi, cikin duhu, kusa da haƙorin kada?

Na kira Nasidi birkila ya yi daɓen siminti, na kira Fabian mai shagon kayan lantarki ya jawo wuta. Kantocin ajiya kuwa ni na buga su da hannuna, shi ya sa har yau ƙwan jiminar yake gangarawa gefen hagu.

Ranar da aka kwashe kaya muka ga wani rami a kusurwar gabas, bakinsa ya fi faifai faɗi.

"Gafiya ce," in ji Nasidi.

"Wannan ai uwar gafiyoyi ce," na ce. "Toshe shi."

Ya ɗora rabin bulo, ya zuba tsakuwa, ya malala siminti mai jan kala, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Kafin ya bushe na ɗauki ƙusa na rubuta sunana da shekara, DZARMA 1986, a tsakiya, don motar ta san gidan wa ta zo. Fabian ya maƙala dogon ƙwan lantarki, irin wanda sai ya yi ƙifce-ƙifce kamar mai jin kunya kafin ya kama. Nasidi ya kafa mini doka: a riƙa shayar da daɓen ruwa safe da yamma har kwana bakwai, kuma kada kowa ya taka, ko kaza.

Da gari ya waye bayan daren ƙarar, na tara masana. Nasidi ya ce siminti ne yake kama jikinsa. Fabian ya ce, "Baba, ni dai ba wayata ba ce. Wayata ba ta ƙwanƙwasa, sai dai ta ja mutum." Ni ra'ayina shi ne akwai wani kogi a ƙarƙashin Maiduguri da yake bin duhu zuwa Tafkin Chadi, kuma ya iso daidai gidana ya ɓata hanya. Har na fara tunanin sunan da zan raɗa masa.

Da la'asar ina shayar da daɓe sai ga Dorothy da ɓawon kankana a kwano, tana leƙa bayan randa.

"Bana Akawu ya daɗe," ta ce.

Akawu kunkurunta ne. Mahaifinta ya ba ta shi ranar aurenmu, lokacin bai fi tafin hannu ba, yanzu kuwa ya kai girman kwandon kaji. Kowace bazara, in zafi ya tsananta, sai ya ɓace, ba wanda ya san inda yake zuwa. Dorothy ta sha faɗa mini cewa ita da Akawu tare suka shigo gidana, duk ranar da ya bar shi kuma tana biye da shi.

"Ai sai ruwan farko yake fitowa," na ce.

"Ba sai an yi ruwa ba. Da ya ji danshi a ƙasa, shi ke nan, a wurinsa damina ta faɗi."

Na dubi bokitin da ke hannuna. Na dubi kusurwar gabas. Daga ƙarƙashin daɓe aka ce ƙwas.

"Mene ne wannan?" in ji Dorothy.

"Gwiwata ce," na ce.

Allah ya gafarta mini, abin da na fara yi shi ne kunna rediyon nan da ƙarfi. Na zauna a bakin gareji, mutumin tashar yana ta zuba yarensa, ni kuma ina lissafin zuci. Daɓen nan ya fi duk wani abu da na taɓa mallaka kyau. Amma shekara talatin da biyu ina cin tuwon Dorothy, kuma Akawu bai taɓa yi mini komai ba, in ban da takalmina da ya taɓa cinyewa. Kafin rana ta faɗi na kashe rediyon.

"Maman Wilson," na ce, "na san inda Akawu yake zuwa da bazara."

Ba ta yi faɗa ba. Ɗankwalinta kawai ta kwance ta ɗaure a ƙugu, ta shiga ɗaki ta fito da taɓarya. Da na ga haka na aika a kira Nasidi da diga.

Nasidi ya zo yana rantsuwa. "Baba Dzarma, duk Maisandari babu daɓe kamar wannan! Saura kwana biyu ya nuna!"

"Kai ka ce gafiya ce," in ji Dorothy.

"Mama, ni shawara na bayar. Shi ya ce uwar gafiyoyi."

Aka fasa kusurwar gabas, aka ɗaga rabin bulon. Ramin yana nan, Akawu ba ya nan. Ashe da ya tarar da ƙofarsa a rufe sai ya haƙa wata hanya, yana tafe yana dungurar daɓen da bayansa. Na kifa kofin silba a ƙasa, na ɗora kunnena, ina rarrafe ina nunawa. Inda duk na ce nan, Nasidi ya sa diga, Akawu kuma ya riga ya gudu gaba saboda ƙarar. Fabian ya ji labari ya zo taimako, amma aikinsa kawai kunna fitila da cewa, "Kun ga haske? Kun ga aiki?"

A rami na bakwai muka same shi, daidai ƙarƙashin sunana. Diga ta tafi da DZAR, ta bar MA 1986. Ya fito da kansa a hankali, jikinsa duk rairayi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar akawun da aka tashe shi daga barci a ofis. Dorothy ta durƙusa tana share masa baya da gefen zanenta, tana ce masa sannu. Ni da na ɓare gwiwa wurin rarrafe ba wanda ya ce mini sannu.

Ya cinye ɓawon kankanarsa, ya taka sauran daɓen, ya je tsakiyar garejin ƙarƙashin fitila, ya ɗan ja da baya, ya gyara tsayuwa, ya kwanta. Ni dai na ga yadda ya bar fili daidai a hagu da dama, har abin ya burge ni.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga maƙwabcina Ba Ajimi ya leƙo, carbi a hannu, yana dawowa daga masallaci.

"Wushe, wushe," ya yi mana sannu da Barbarci. "Kai, aiki ya yi kyau. Ga wuta, ga kantoci." Ya dubi ramukan nan bakwai, ya dubi Akawu, ya dube ni. "To Malam Dzarma, wai ita motar, yaushe za ta iso?"

Nasidi ya sunkuya yana goge digarsa. Fabian ya ɗaga kai yana duban fitila. Dorothy ta ɗauki taɓaryarta ta shige cikin gida.