Sakatar Ƙofar Yaya

Ina cikin goge ƙafar wani tebur Kawu ya shigo rumfarmu, ya dire leda a kan bencina. Sabuwar sakata ce a ciki da ƙusoshinta.

"Ka sa wa ƙofar yayarka," ya ce. "Ta waje."

Shekara biyu ke nan Yaya tana fama da ciwon ƙwaƙwalwa. Tana shan magani, duk wata ni nake raka ta wurin likita. Makon jiya abin ya ɗan motsa, ta fita ba takalmi, ta tsaya bakin titi tana magana ita kaɗai har mai shagon kusa ya rako ta gida. Tun ranar Kawu ba shi da zance sai abin da mutane za su ce.

Ban yi masa musu ba. Na ɗauki guduma na tafi gida.

Na tsaya na ƙare wa ɗakin Yaya kallo. Taga ɗaya ce, mai ƙarfe. Wayar wutar da ke saman gadon sau biyu ina naɗe inda ta ƙone. Banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, Inna kuma a kasuwa take wuni.

Yaya tana zaune tana ninke kaya. Ta dubi sakatar, ta dube ni.

"Auta, kai aka aiko? An rasa wanda zai kulle ni sai wanda na goya?"

"Ba a tambaye ki ba, ko?"

"Wa yake tambayar mahaukaciya?"

"Ni ina tambaya. Ina kike so a sa ta?"

Ta ajiye rigar da take ninkewa. Sannan ta gaya mini 'ya'yan Kawu suna turo ƙofar ba sallama, su saita mata waya su ga ko za ta yi wani abin dariya. Jiya ma tana canza riga suka shigo.

Na kafa sakatar ta ciki, daidai tsayin hannunta. Na sa wa sakatar mai, Yaya ta gwada har sau uku. Muka yi magana: in Inna ko ni muka buga, za ta amsa. In ba ta amsa ba, na san yadda zan ɗaga ƙyauren.

Da la'asar Kawu ya zo duba aiki. Ya shafa ƙofar ta waje, bai ji komai ba.

"Kai ma kanka ya taɓu ne? In ta sake fita fa?"

"In ta fita, Kawu, zan bi ta, mu je wurin likita. In wuta ta kama tana kulle, wa zai buɗe?"

"Zan kawo wani kafinta."

"Ka kawo. Ni na rataya ƙyauren nan. Ranar da aka sa masa sakata ta waje, ranar zan cire shi in kai rumfa."

Ya juya wurin Inna, wadda dawowarta ke nan daga kasuwa, ko za ta tsawata mini. Inna ta ci gaba da wanke kofinta.

Sai ya tura ƙofar da kafaɗa. Ba ta buɗu ba. Ya sake turawa. Ƙarshe dai ya buga da bayan hannu.

"Wane ne?" in ji Yaya daga ciki.

"Ni ne, kawunki."

"Sannu da zuwa, Kawu. Ka ɗan jira, ina ninke kaya."