Ragon Aro

Ƙanena Delbert ya dawo daga aikin rijiyoyin mai a Farmington, ga aurensa da Shandiin ya matso, amma abinci ma ba ya iya ci. Sai da na ritsa shi a bayan garke ya faɗa mini: wata da suka yi hulɗa a can ta bugo waya, an same ta da cutar ƙanjamau. Ya rantse ba zai kusanci Shandiin ba sai ya san matsayinsa. Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni.

To, a ƙasarmu ta ƙabilar Navajo kowa ya san a-kori-kurar kowa. Ka ajiye taka a ƙofar asibiti da safe, kafin la'asar dangin uwa da na uba sun ji. Delbert kuwa tasa ja ce, har da tambarin doki.

Ana haka aka sanar a rediyo cewa ranar allurar tumaki masu gwajin jini za su kafa tanti a bayan shingen wurin allurar. Na yi tsalle har na zubar da kofi. Ranar nan motar kowa tana wurin, wa zai tambayi wani?

Matsala ɗaya, a wurinmu tumaki mallakar mata ne, Delbert ko jela ba shi da ita. Na ari ragon kakarmu, wani mafaɗaci, muka ɗora shi a mota da ƙyar.

"Yaya, in aka ce ina da ita fa?" ya tambaye ni a hanya.

"Sai ka sha magani ka rayu. Tuƙa mana, malalaci."

Wurin ya cika maƙil, ga ƙura, ga ƙamshin miyar naman tunkiya. Na karɓi igiyar ragon, Delbert ya zagaya baya kamar ɓarawon kaza. Na kasa haƙuri, na bi shi ina jan rago.

A bakin tantin ya tsaya cak. Shandiin ce a layi, rungume da ɗan tunkiyar da bai ma isa allura ba. Suka kalli juna, suka kalli dabbobin.

"Na wa ka aro?" ta ce.

"Na Kaka. Ke fa?"

"Na gwaggona." Dariya ta ƙwace mata, ga hawaye. "Ni ma ina da abin da zan faɗa maka."

Malamar gwajin ta leƙo daga tantin ta ce mutum ɗaya ya shigo. Shandiin ta miƙo mini ɗan tunkiyar, ta kama hannun Delbert.

"Mu biyu ne," ta ce wa malamar.