Sojan da Ya Fi Ƙofar Tarago

Tun da wayar salula ta kashe kasuwar agogo, Mai Agogo ya rufe shago ya tare a ɗakin baya, wurin ɗan jirgin ƙasansa mai zagaya teburi. Tsoho da wasan yara, in ji maƙwabta. Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Bana dai ba wasa yake ba. Tashar jirgi yake ginawa da kwali da gam, irin wadda ya raka autansu ranar da aka kwashe su zuwa fagen daga. Matarsa ba ta je rakiyar ba. Fushi take da yaron don ya shiga soja ba da son ranta ba, da ya zo sallama ma ta juya masa baya. Bai dawo ba. Tun daga nan ta daina ambatonsa, ta daina dariya, sai ta ajiye wa mijin abinci ta wuce kamar baƙuwa. Abin yana cin ransa ƙwarai. Ya ƙudura cewa in ta ga tashar, ta ga yaron yana hawa jirgi da murmushinsa, za ta sami sallamar da ta rasa.

Ya sayo ƙananan sojoji na roba. Ya zaɓi ɗaya mai ɗaga hannu, ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido, ya yi ta bin fuskar da siririn buroshi har tabon da ke haɓar Auta ya fito. Sai da fenti ya bushe ya ɗauko shi da hantsaki ya kai bakin tarago. Hular sojan ta wuce saman ƙofa, kafaɗunsa sun fi ta faɗi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, ga shi bai duba lambar ma'aunin da ke jikin kwalin sojojin ba.

Ya koma wurin mai shagon da ya sayar masa.

"Baba, ai sai ka tambaye ni," in ji mai shago. "Jirginka ɗaya bisa tamanin da bakwai ne, sojojin nan kuwa ɗaya bisa saba'in da biyu, shi ya sa suka yi masa girma. Masu ƙera jirgi da masu ƙera soja ba sa ga maciji, kowa da ma'auninsa."

"To yanzu yaya ke nan?"

"Ko ka tumɓuke layin dogon duka ka sa jirgi mai ɗan girma, ko in kawo maka sojoji daidai da jirginka. Amma fa waɗancan ba su da fuska, ɗigon fenti ne kawai."

Ɗigon fenti ba zai zama ɗansa ba. Ya dawo gida, ya ɗauko sukundireba zai fara kwance layin da ya yi shekaru yana shimfiɗawa.

Motsi ya ji a bayansa. Matarsa ce riƙe da kofin shayi, ita da rabonta da ɗakin nan an daɗe. Ta dubi rufin tashar, ta dubi benci, idonta ya tsaya a kan mai ɗaga hannu. Ta ajiye kofin ta ɗauke shi da yatsu biyu, ta daɗe tana kallon haɓar. Sannan ta kai shi ƙofar tarago ta gwada. Ta karkata shi ta sake gwadawa.

"Malam, ba ya shiga," ta ce.

"Kuskurena ne. Zan canza jirgin, ki ba ni ɗan lokaci."

"Kada ka taɓa komai."

"Ai ba daidai ba ne, ma'aunin..."

"Na ce ka bari!"

Ta tsayar da shi a kan dandamali, nesa da layi, ta juyo da fuskarsa wajenta. Ta miƙa hannu ta zare wayar wutar jirgin daga bango, ta ja kujerar mijin ta zauna.

Yanzu a ɗakin take wuni. Tana yi wa ɗan sojan hira ƙasa-ƙasa, tana tambayarsa ko ya ci abinci, wani lokaci har da dariya. Mai Agogo yakan tsaya a bakin ƙofa yana jin muryar da ya yi ta roƙon Allah ya dawo masa da ita, ba kuwa da shi ake maganar ba.