Kular Najwa

Yanzu tsofaffi sun daina mutuwa da wuri, abin da ya sa 'ya'yansu na Abuja cikin tsaka mai wuya ke nan. Da, uwa ta kai saba'in an yi sadakar arba'in an huta. Maƙwabciyata Umma kuwa tamanin da bakwai gare ta, haƙoranta sun fi nawa ƙwari.

'Yarta Najwa, babbar darakta a wata ma'aikata, ta kama mata gida a Jabi kusa da nawa. Tsakaninsu tafiyar minti ashirin ce, amma sai ka rantse teku ce. Ta ce wa tsohuwar, "Mama, kullum za a riƙa kawo miki abinci." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta dai ce daga ina ba. Wani kamfani ne mai dafa wa tsofaffi, abinci lami kamar na asibiti. Wata mata mai suna Magdalene ke kawowa a kula, ƙarfe ɗaya daidai.

Umma ta ɗauka girkin 'yarta ne. Da yake mutuniyar da ce, ba ta mayar da kwano fanko. Ta wanke kular tas, ta ƙulla daddawa ko kuka ta saka ciki, ta ba da saƙo: "Ki ce mata miyar ta tsinke, ta rage ruwa."

"To Mama, zan gaya mata," in ji Magdalene. Ita ma tausayi ne ya ɗaure mata baki. Ni ma na sani na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin kaina. Wata takwas tsohuwa tana yi wa kamfani tarbiyya, tana yi mini alfahari wai duk aikin ofis Najwa ba ta bar murhu ba.

Ranar wata Asabar sai ga darakta da kanta, da ƙamshin turare da waya a hannu. Ina zaune. Umma ta rasa inda za ta sa ta don murna.

"Miyar jiya ta yi daɗi," ta ce. "Hannunki ya fara dawowa. Me kika ƙara?"

Najwa ta ce, "Jiya? Bari in duba." Ta shiga latsa waya. "Alayyafo suka kawo miki, ko? Ai sun iya aiki, Mama. Likitansu ya ce masu cin abincinsu har ɗari suna kaiwa."

Umma ta dube ta, ta dubi Magdalene da ta shigo da kula ta tsaya a bakin ƙofa kai a sunkuye. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta gyara ɗankwalinta, ta juyo wajena, ta nuna Najwa da haɓa.

"Hindatu, tashi ki raka baƙuwa, kada ta makara."