Jimlarta a Bakin Alƙali

Aikinta a wani kamfani shi ne taƙaita hukuncin kotu. Alƙali ya cika shafuka, ita ta matse su cikin 'yan layuka, a ɗora a saman hukuncin a rumbun intanet inda lauyoyi ke bincike. Ba a sa sunanta. A ƙasa ma akwai gargaɗi cewa wannan ba maganar kotu ba ce.

Da hantsi tana karanta wani sabon hukunci na kotun ɗaukaka ƙara, rigimar mai gida da ɗan haya, sai ta miƙe zumbur har kujera ta kife.

"Ke, lafiya?" in ji Dogo, abokin aikinta.

"Zo ka karanta nan! Da ƙarfi!"

Dogo ya sunkuya kan kwamfutar. Alƙalin ya fara da yi wa lauyan ɗan haya faɗa: ya kawo wata jimla ya ce kotu ce ta faɗe ta a wata tsohuwar shari'a, alhali daga taƙaitawar ya kwaso, bai buɗe hukuncin ba.

"To, ya sha kunya. Sai me?"

"Ci gaba mana!"

"Sai dai na karanta tsohon hukuncin kaf," Dogo ya karanto, "ban ga inda aka faɗi ƙa'idar a sarari kamar haka ba: 'Shirun mai gida ba yafiya ba ne, sai in ya ci gaba da karɓar haya yana sane.' Don haka na ɗauki jimlar, daga yau maganar kotun nan ce."

"Tawa ce!" Ta nuna jimlar da yatsa. "Ni na rubuta ta, shekarar da na fara aiki. Sai da Oga ya so ya goge rabinta!"

Oga ya leƙo daga ofishinsa. "Ni? Sharri ne. Tun ranar na san za ta yi nisa."

Ofis ya kaure da dariya da tafi. Ta fita baranda ta kira mahaifinta, wanda har yanzu yake ce wa mutane 'yarsa akawu ce.

"Baba, alƙali ya ari maganata!"

"Madalla! Ya ambaci sunanki?"

"Bai ma san da ni ba."

"To ni na sani. Turo mini shafin, yanzu zan kai wa kawunki, ya karanta mini sau biyu."