Agogon Keken Yaya

Bayan aikin da aka yi wa Baba a gwiwa, likita ya kafa masa sharaɗi guda: ya riƙa tuƙa keken motsa jiki a gida, juyi sittin a minti ɗaya, kada ya wuce. In ya wuce, ɗinkin ciki zai iya warwarewa, jikinsa kuwa ba zai ɗauki aiki na biyu ba.

Auta, 'yarsa mai jinyarsa, ta so ta sayo sabon agogon keke mai nuna juyin feda. Baba ya ce atafau, ai akwai na Yaya. Yaya shi ne babban ɗansa, ɗan tseren keke, yau shekara uku da rasuwarsa. Kekensa na rataye a ɗakin ajiya, agogon kuma yana cikin akwatin Baba, naɗe a hankici.

Sai Auta ta kai agogon shagon mai gyaran keke. Mutumin ya zube mata 'yan na'urori uku a kan benci, kowace ba ta fi maɓallin kwat ba, irin waɗanda ake ɗaurawa a hannun feda su riƙa aika wa agogo lissafi.

"Ba ni mai kyan nan," in ji ta.

"Ƙanwata, kyau ba ya tuƙa keke. Wannan da waya take magana. Agogon naki tsoho ne kamar ni, yare ɗaya yake ji." Ya ture biyu, ya miƙa mata ta ukun, wata baƙa. "Wannan ce daidai da shi. Amma yana riƙe da lambar tsohuwar da aka taɓa haɗa masa. Ki fara goge ta, sannan ki haɗa sabuwa."

A gida, da ta kai hannu za ta goge, Baba ya riƙe mata yatsa.

"Ba a goge komai na yayanki a gidan nan."

Ta ƙyale. Ta ɗaura sabuwar, ta kunna agogo, lamba ta fito, ta ɗauka shi ke nan.

Kullum da hantsi Baba yakan hau keken a falo, ita tana can tana wanke-wanke. A kwana na huɗu ta ga gwiwar ta kumbura suntum. A na biyar ta bar kwanukan, ta tsaya a bayansa. Allon agogo yana nuna tamanin da biyar. Baba yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba, sittin fa aka ce!"

Ta kama fedar da hannu biyu, keken ya tsaya cak. Lambar ba ta sauka ba. Tamanin da biyar. Tamanin da shida.

Ta kwance sabuwar na'urar, ta ciro batirinta, ta ajiye a tebur. Tamanin da shida.

Ta kira mai gyara a waya.

"Ba na'urarki yake ji ba ke nan," in ji shi. "Tsohuwar yake ji. Kuma ba ya jin abin da ya wuce taku goma. Wa ke tuƙa keke kusa da ku?"

"Ba kowa. Tsohuwar tana jikin keken Yaya, a ɗakin ajiya."

"Shekara nawa?"

"Uku."

"Batirinta ba ya kai shekara, ƙanwata."

Auta ta cire agogon daga kan keke, ta nufi ɗakin ajiya. Taku bakwai ne daga falo. Ta kasa kunne a jikin ƙofa, ba motsi. Ta murɗa mabuɗi ta tura. Keken yana nan a ƙugiyarsa, tayoyi sun sace, sarƙa ta yi tsatsa, yanar gizo ta haɗe feda da bango ba ta ko tsinke ba. Ta duba agogon da ke hannunta. Sifili.

Ta ja ƙofar a hankali har ta rufu. Goma. Talatin. Hamsin.

"Yayanki ba ya son a tsaya masa a kai," in ji Baba daga falo, muryarsa a sake kamar mai zancen ruwan sama. "Tun yana yaro haka yake."

Ta dawo ta durƙusa a gabansa. "Ashe ka sani."

"Tun ranar farko. Na san ƙafata, Auta, ba ta yin tamanin. Ƙoƙari nake in kamo shi. Jiya saura kaɗan."

Ta dubi gwiwar. Fatar ta yi sheƙi, gefen tabon ya fara ja. Ta dubi allon, yana nuna casa'in.

"Ka yafe mini, Baba."

"Auta. 'Yar albarka. Bar mini shi ko na mako ɗaya."

Ta shiga wurin goge tsohuwar lamba a agogon, inda mai gyara ya nuna mata. Agogon ya tambaya ko ta tabbata. Lambar da ke ƙasan allo ta fara sauka da kanta, saba'in, hamsin, talatin, kamar mai tuƙi ya rage gudu ya waiwayo. Ta danna.

Allon ya koma fari.

Baba bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin ajiya, hannuwansa a kan cinya. Can ya miƙo mata hannu ta sauko da shi daga keken, ya ce ta kawo masa ƙanƙara, ƙafar tana zugi.