Masharuwa a Zauren Malam Dalhatu

Luba ta fizgo hannun 'yarta Husna daga ƙofar zauren har awarwaronta ya yi ƙara.

"Ban hana ki shiga nan ba? Gero na mutuwa gona, ku kuna nan kuna kiran masharuwa!"

Duk ƙauyen Fagada an san aikin Malam Dalhatu, maƙwabcinsu. Tun da ya bar koyarwa a firamare, da hantsi sai ya tara yara, ya jingina guntun madubi cikin tasar ruwa daidai inda rana ke leƙowa ta hujin rufi, sai ga bakan gizo kwance a bango. Shi ya ce haske ne ruwa ke tsefewa launi-launi. Tsofaffi suka ce a'a, masharuwa ne mai shanye hadari. Ga kuma damina ta tsaya cak. Luba ba muguwa ba ce, wallahi, tsoro ne ya cika ta, ta rantse yau sai ta kifar da tasar nan.

Ta shiga. Zauren sanyi ƙalau, ba kowa sai tsohon a kan tabarma, ya rame kamar kara. Babu iska, amma launukan na rawa a bango.

"Husna ta?" in ji shi.

"Ni ta, Malam. Luba."

"To ke ma kin isa. Hwaɗa min, wane launi ab bisa?"

Ta dube shi. Idanunsa a buɗe, sai dai ba bangon suke kallo ba, suna can gefe inda babu komai. Ashe tambayar da yake wa yara kullum ba jarrabawa ba ce, ya daɗe ba ya gani.

"Ja na," ta ce.

"Sai?"

"Ruwan goro. Ruwan ɗorawa."

"Sai?"

"Tsanwa... shuɗi."

Ta jira ya sake cewa "sai". Shiru. Da ta waiwayo, bakinsa a ɗan buɗe yake, kamar kalmar na nan tafe. Ta yi salati, ta fita kiran maza. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ko ɗigon ruwa bai sauka ba.

Washegari da hantsi Husna ta ja mata zane. "Inna, kin ce ga shuɗi kinka tsaya. Saura biyu hwa. Shina jira."

Luba ta bi ta. Ba wanda ya taɓa tasar, ga ta nan a bushe ƙarƙaf, bango kuma fari fat. Ta daɗe tsaye tana tunanin geronsu. Sannan ta ɗauki butar mamacin ta tsiyaya a hankali har ruwa ya rufe madubin.

"Mi ab bayan shuɗi?" ta tambayi Husna ƙasa-ƙasa.

Launukan suka hau bango suna rawa, saman tabarmar da ba a naɗe ba tukuna.